Yadda Ake Wanke Dandamalin Katako da Injin Feshin Ruwa Ba Tare da An Ɓata Katakon Ba

Mutane da dama suna ta tambaya a kan wannan aiki, kuma tambayar kusan iri ɗaya ce: dandamalin katakon da ke jikin gida ya yi baƙi, gansakuka ta hau shi, da an yi ruwan sama sai santsi. Shin za a iya sa masa injin feshin ruwa mai ƙarfi, irin wanda ake wanke mota da daɓen siminti da shi? Ana iya sa masa. Sai dai tun kafin ka taɓa injin, ka riƙe wannan: maganin wanki da burushi ne ke cire dauɗar, shi injin aikinsa ɗauraya ne. Wanda ya ce da ƙarfin ruwa zalla zai kankare baƙin, to da naman katakon zai haɗa, kuma abin da ruwa ya cinye ba ya dawowa.

Kayan da za ka tanada

Injin feshi, da bakin feshi fari da kore. Tiyo mai kai ruwa daga famfo. Burushi mai ƙarfi mai doguwar sanda, na roba ba na waya ba. Bokiti, da ƙaramin abin feshi na hannu irin na lambu. Maganin wankin katako. Tsintsiya, wuƙar kankara mai faɗin baki, sukundireba, guduma, leda ko tamfol. Na jikinka kuwa: gilashin kare ido mai rufe gefe, safar hannu ta roba, dogon wando, da takalmi rufaffe mai kama ƙasa. Silifas ba shi da wuri a wannan aiki.

Game da kuɗi, idan sau ɗaya a shekara za ka yi wankin, hayar inji na yini ɗaya ta fi saye sauƙi. Idan saye za ka yi, ƙaramin inji mai aiki da lantarki ya wadatar, ya kuma fi na fetur araha da sauƙin sarrafawa. Abin da ya fi cin kuɗi a aikin gaba ɗaya shi ne man da za a shafa wa katakon daga baya, sai kuma gyaran ɓarna idan an yi ganganci. Ka kuma lissafa ruwa: ƙaramin inji yana fitar da lita 5 zuwa 8 a minti ɗaya, wato feshin awa guda zai ci tsakanin lita 300 da 480.

1. Fara duba lafiyar katakon

Bi dandamalin falanki bayan falanki. Duk inda ka ga ya yi duhu fiye da sauran, musamman bakin falanki, gindin ginshiƙai, matakala, da inda dandamalin ya haɗu da bangon gida, danna bakin sukundireba. Idan ya nutse ba da wani ƙarfi ba, katakon ya ruɓe. A canza shi kafin wanki, don ruwa mai ƙarfi farfasa ruɓaɓɓen katako yake yi. Ƙusar da ta ɗago a mayar da ita, falankin da ke motsi a ɗaure shi, abin dafawa na gefe a girgiza shi a ji ko yana da ƙarfi.

Hattara: tsohon katako mai ɗan launin kore da aka jiƙa da maganin hana ruɓewa yana iya kasancewa na CCA ne, wanda ke ɗauke da gubar asenik. A Amurka an daina amfani da shi wajen ginin gidaje daga ƙarshen shekarar 2003, amma dandamalin da aka gina kafin nan suna nan da yawa. Irin wannan katako ba a kankare shi da ruwa mai ƙarfi, ba a goge shi ƙura ta tashi, ba a kuma ƙona guntayensa. Haka ma tsohon fentin da ake zargin yana da dalma. Waɗannan biyun a bar wa ƙwararru.

2. Kwashe kaya, share, rufe

Kwashe kujeru, tukwanen fure da duk abin da ke kai, har da abin da ke ƙarƙashin dandamalin. Share da tsintsiya, sannan ka bi tsakanin falankai da wuƙar kankara ka fitar da ganye da ƙasar da suka cushe. Mutane da yawa suna tsallake wannan, alhali ta waɗannan ramuka ruwa ke tsiyayewa. Idan sun toshe, ruwan datti zai kwanta a sama ya bushe a kan inda ka wanke.

Rufe soket da fitilun waje da leda, ka kashe wutarsu daga ciki idan da hali. Rufe ƙofofi da tagogin da ke kallon wurin. Shuke-shuken da ke kewaye kuwa, ka jiƙa su sosai da ruwa kafin ka fara, don ganyen da ya riga ya jiƙe ba ya saurin shan magani. Idan ka lulluɓe su da leda, ka yaye da zarar ka gama, zafi na dafa shuka a ƙarƙashin leda. Yara da dabbobi su yi nesa har sai an gama.

3. Zaɓi lokaci

Ranar da ake lumshi, ko da sassafe kafin rana ta hau kan katakon. A tsakar rana magani na bushewa kafin ya yi aiki, ya bar tabo. Ka kuma tabbatar kwana biyu zuwa uku masu zuwa ba a sa ran ruwan sama.

4. Haɗa injin kafin ka taɓa magani

Tsarin yana da muhimmanci. Duba ƴar matatar da ke mashigar ruwan injin, idan da yashi ka wanke ta. Haɗa tiyo daga famfo zuwa injin, haɗa tiyon matsi daga injin zuwa bindigar feshi. Buɗe famfo gaba ɗaya. Injin yana kashe, danna kunamar bindigar ka riƙe har ruwa ya fito santal ba tare da tari da tofar da iska ba, abin da bai wuce rabin minti zuwa minti ɗaya ba. Sai ka kulle kunamar, ka sa bakin feshi, ka ja shi da hannu ka ji ya kama. Bayan nan ne za ka kunna injin. Wanda ya kunna inji babu ruwa a ciki yana ƙona famfon injin ne. Bakin feshin da bai zauna daidai ba kuwa fita yake yi da gudu da zarar an danna, don haka feshin farko a yi shi ana kallon ƙasa, nesa da mutane da gilashi.

Hattara da lantarki: injin lantarki a jona shi a soket mai na'urar yanke wuta idan ta zuba, wadda ake rubuta wa RCD ko GFCI. Kada mahaɗar waya ta kwanta a inda ruwa ke bi, kada kuma ka taɓa fulogi da jiƙaƙƙen hannu.

Hattara da fetur: hayaƙinsa na ɗauke da iskar kabon monoksaid wadda ba ta da wari, tana kuma kisa. A ajiye injin a fili, nesa da taga da ƙofa, ba a gareji ko ƙarƙashin dandamali ba. Kada a ƙara masa mai yana da zafi. Kada kuma a bar shi yana aiki fiye da minti biyu ba a danna kunama ba, don ruwan da ke zagayawa a cikinsa yana zafi ya lalata famfon. Idan za ka tsaya, kashe shi.

5. Bakin feshi da ƙarfin ruwa

A nan ne mafi yawan ɓarna ke faruwa. Itace na yin zobe kowace shekara, kuma a kowane zobe akwai sashe mai taushi mai haske da sashe mai tauri mai duhu. Ruwa mai ƙarfi yana cinye mai taushin ya bar mai taurin a tsaye, sai saman falanki ya koma tudu da kwari kamar kunyoyin gona. Wannan kwarin shi ke riƙe ruwa da datti daga baya, shi ya sa dandamalin da aka wanke da ƙarfi ya fi saurin komawa baƙi.

Ana bambanta bakunan feshi da launi. Ja digiri 0 ne, ruwan na fita a tsinke ɗaya, yana huda katako ya yanka fata. Kada ya kusanci dandamalinka. Rawaya digiri 15 ne, na siminti da ƙarfe. Kore digiri 25. Fari digiri 40, shi ne na wannan aiki. Baƙi kuma digiri 65, na watsa sabulu ne, ba shi da ƙarfi. Akwai wani mai juyawa kamar katantanwa, yana aiki da kyau a kan daɓe, amma a kan katako zane-zanen da'ira yake bari. Ka fara da fari. Kore sai a kan katako mai tauri, kuma sai farin ya kasa.

Ƙarfin ruwa ana auna shi da ma'aunin PSI ko na "bar". Katako mai taushi, irin na itacen fain da sida, PSI 500 zuwa 600 ya ishe shi, wato wajen bar 35 zuwa 40. Katako mai tauri yana ɗaukar har PSI 1200, wajen bar 80. Kada a haura PSI 1500 a kan kowane irin katako. Matsalar ita ce injinan da ke kasuwa sun zarce haka: na lantarki yawanci suna tsakanin 1300 da 2000, na fetur kuwa suna kai 3000 har su wuce. Idan injinka na da maɓallin rage ƙarfi, mayar da shi ƙasa. Idan babu, tazara ce makaminka, domin ƙarfin ruwan na raguwa sosai da zarar ka ja baya. Ba ka san irin katakonka ba? Danna farce a gefen falanki. Idan ya bar shaida, ɗauke shi a matsayin mai taushi.

6. Gwada a ɓoyayyen wuri

Nemi lungu, ko ƙasan matakala, ko inda kujera ke rufewa. Riƙe bakin feshi santimita 60 daga katakon, danna, ka riƙa matsowa a hankali kana kaɗa hannu har ka ga datti ya fara tashi. Yawanci hakan na faruwa ne a wajen santimita 30. Tsaya ka sunkuya ka duba da kyau, ka shafa da yatsa. Idan ka ga ƙananan zaruruwa farare sun miƙe kamar gashi, ka matso da yawa, ja baya. Tazarar da ta ɗaga datti ba ta tayar da gashi ba, ita za ka riƙe har ƙarshe. Ko yaya tabo ya yi taurin kai, kada ka kusanci katako fiye da santimita 20.

7. Shafa maganin wanki

Wanda ya fi dacewa shi ne bilic na oksijin, gari ne fari, a jikin robarsa za ka ga an rubuta sodium percarbonate. Yana ɗaga gansakuka, fumfuna da mataccen saman katakon da rana ta ƙona, ba ya kuma cutar da shuka kamar bilic na kolorin. Ma'aunin da aka saba shi ne kofi ɗaya a lita 4 na ruwa mai ɗumi, amma abin da aka rubuta a jikin robar shi ne gaba. Dama shi har garin ya narke. Lita 4 na isar murabba'in mita 15 zuwa 20. Ka dama iya wanda za ka yi amfani da shi a lokacin, domin bayan ƴan awoyi ƙarfinsa na tafiya. Kada kuma ka rufe ragowar a cikin jarka ko abin feshi, iska yake fitarwa, yana iya kumbura mazubin har ya fashe.

Bilic na kolorin da ake wankin tufafi da shi yana sa katako fari nan take, shi ya sa yake ruɗar mutane. Amma yana cin sinadarin da ke riƙe zaruruwan katako, yana sa ƙusoshi tsatsa, yana ƙona ganye, farin nasa ma na kodewa ne ba na tsabta ba.

Hattara: kada a taɓa haɗa bilic na kolorin da asid ko amoniya. Iskar da ke tashi guba ce.

Jiƙa katakon da ruwa tukuna. Raba dandamalin kashi-kashi, kamar falanki biyar ko shida a lokaci guda, ka fesa maganin daga wannan baki zuwa wancan. Bar shi minti 10 zuwa 15. Za ka ga yana ƙananan kumfa, ruwan yana komawa ruwan ƙasa. Idan wani wuri ya fara bushewa, yayyafa masa ruwa ko ƙarin magani. Sai ka goge da burushi kana bin tsawon falanki. Yi wannan gugar da gaske, ita ce ainihin wankin. Ka kuma taka a hankali, katako mai magani santsi gare shi ƙwarai.

8. Ɗauraya da injin

Fara da abin dafawa da ginshiƙai, daga sama zuwa ƙasa, sannan ka sauko kan daɓen, matakala ita ce ƙarshe. A kan daɓen ka fara daga jikin gida kana tura ruwan datti waje.

Riƙe bindigar da hannu biyu, don tana turo mutum baya idan aka danna. Kada ka danna kunama bakin feshi yana kallon katako a tsaye. Danna a sama ko a gefe, hannunka na tafiya, sannan ka sauko da ruwan kan falanki. Idan za ka saki ma haka, ɗaga tukuna. Duk inda ruwan ya fara ko ya tsaya cak, layi yake bari a gicciye, kuma layin nan zai fito ɓaro-ɓaro idan aka shafa mai.

Bi tsawon falanki koyaushe, kada ka gicciye shi. Faɗin feshin ya kwanta a kan faɗin falankin, sandar ta ɗan karkata gaba yadda ruwan zai tura datti, ba ya soki katakon kai tsaye ba. Ɗauki falanki ɗaya ko biyu ka bi su daga farko har ƙarshe da tafiya ɗaya, sannan ka dawo ka kama na gaba, feshin yana ɗan hawa kan inda ka riga ka bi don kada a bar rata.

Kuskuren da kusan kowane sabon hannu ke yi shi ne tsayawa wuri ɗaya yana lilo da sanda daga dama zuwa hagu. A tsakiyar lilon bakin feshi na kusa da katako, a gefe biyu kuma ya yi nisa, sai dandamali ya bushe da zane baka-baka, tsakiya fari, gefe duhu. Maganinsa, ƙafarka ce za ta yi tafiya, hannu ya tsaya a tazara ɗaya.

Idan tabo ya ƙi fita, kada ka matso, kada ka tsaya a kansa. Wuce shi, ka dawo masa da magani da burushi karo na biyu. Ka yi sassauci a bakin falanki, gefen gaɓa, da inda katako ya tsage, nan ne ruwa ke shiga ya ɓalle sartse. Kada ka cusa ruwa a mahaɗar dandamali da bango ko ƙarƙashin ƙofa, ruwan da ya shige nan ba ya bushewa da wuri, shi ke ruɓar da katakon da ke ɗauke da dandamalin.

Hattara da jikinka: kada ka wanke hannu, ƙafa ko takalmi da feshin, kada ka nuna shi ga kowa ko da wasa. Ruwan na huda fata ya tura datti da magani can cikin nama. A ido raunin ɗan ɗigo ne, a ciki kuwa ɓarna ce babba. Wanda hakan ta same shi ya tafi asibiti nan take, ya kuma faɗa musu cewa ruwa mai matsi ne ya huda shi. Kada a yi feshi a kan tsani, turin bindigar ya isa ya kayar da mutum.

9. Asid mai dawo da haske

Maganin wanki kan bar katako ya ɗan yi duhu, musamman sida da sauran masu yawan ruwan itace. Ana gyara wannan da maganin haskaka katako mai asid ɗin ogzalik, wanda kuma ke cire baƙin tabon da ke zagaye ƙusoshi. Bayan ka ɗauraye maganin farko tas, katakon na jiƙe, fesa shi bisa ma'aunin da ke jikin robar, bar shi kamar minti 10, ka ɗauraye da ruwa mai yawa. Tiyo kawai ya isa a nan. Asid ne mai guba, safar hannu da gilashi dole ne. Idan ka gama, sake wanke ganyen shuke-shuken da ruwa.

10. Kashe injin

Kashe injin, rufe famfo, danna kunama har sauran matsin ya fita, sannan ka kwance tiyo. Wanda ya kwance kafin ya saki matsi, tiyon na iya fizgewa ya doke shi.

11. Bushewa, guga da mai

Ba katakon awa 48 zuwa 72 ya bushe, fiye da haka idan wurin inuwa ne ko iska na da laima. Sama na iya bushewa cikin ƴan awoyi alhali ciki na jiƙe. Mai na'urar auna danshi ya jira har ta nuna kashi 15 cikin 100 ko ƙasa da haka. Man da aka shafa a kan katako mai danshi ba ya shiga, ɓarewa yake yi, fumfuna kuma ta tsiro a ƙarƙashinsa.

Ko an yi wankin da kyau, za a samu ɗan gashi nan da can. Goge shi da takardar gugar katako mai lamba 60 zuwa 80 a kan daɓen, abin dafawa kuma 80 zuwa 100, kana bin tsawon falanki, da takunkumi a hanci. Kada ka wuce wannan lamba a kan daɓen, don idan katako ya yi sumul da yawa ba ya shan mai. Kada kuma ka yi amfani da soson ƙarfe, ɓurɓushinsa na maƙalewa ya yi tsatsa ya bar ɗige-ɗige baƙi. Share ƙurar tas.

Kafin ka buɗe gwangwanin mai, yayyafa ruwa kaɗan a wurare uku ko huɗu. Idan katakon ya shanye cikin ɗan lokaci, ya shirya. Idan ruwan ya tsaya ƙwallo-ƙwallo, akwai sauran tsohon mai a wurin, sai an cire shi da maganin cire fenti ko guga. Lita ɗaya ta mai na rufe murabba'in mita 4 zuwa 7, tsohon katako ya fi sha. Shafa shi a inuwa, lokacin da zafi ke tsakanin digiri 10 da 30 a ma'aunin Salshiyos, falanki biyu ko uku daga baki zuwa baki, ka share duk wanda ya kwanta bai shige ba. Kada ka bar wankakken katako tsirara fiye da mako ɗaya ko biyu, rana da ruwa za su fara mayar da shi yadda yake.

Hattara: tsumman da ya sha man katako yana iya kama wuta da kansa idan aka dunƙule shi aka jefar. Baza shi a fili ya bushe, ko ka nutsa shi a gwangwanin ƙarfe mai ruwa ka rufe kafin a zubar.